Tsargiya: Ƙwayar Magani Kaɗai Ba Za Ta Raba Mu da Ita Ba

Duk garin da ke da madatsar ruwa ko fadamar noman rani an san tsargiya: yaro ya yi wanka a kududdufi, bayan wani lokaci a ga jini a fitsarinsa. Tsutsar da ke haddasa cutar tana fitowa ne daga jikin dodon koɗi, ta huda fata, ta tare cikin jijiyoyin jini shekara da shekaru tana zuba ƙwai, ƙwan nan kuma su ne ke lalata mafitsara da hanta. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum sama da miliyan 250 ne suka buƙaci magani a 2021, kusan kashi 90 cikin ɗari a Afirka. Magani ɗaya tak ake dogaro da shi, praziquantel, wanda ake rabawa a makarantu. Yana kashe manyan tsutsotsi, amma ƙananan kan tsira, kuma ba ya hana a sake kamuwa. Yaron da ya haɗiye shi yau, jibi yana cikin rafi. Don haka nake ganin neman allurar rigakafi ya zama dole.

Wani zai ce ai an gwada, ba a dace ba. Haka ne. An yi wa yara 250 gwajin allurar Bilhvax a yankin Saint-Louis na Senegal, sakamakon da ya fito a 2018 kuma bai nuna kariyar da aka sa rai ba. Tsutsa halitta ce babba mai dabara, har lulluɓe jikinta take da sinadaran jinin mai ɗauke da ita don kada garkuwar jiki ta gane ta. Sai dai tana da rauni guda: ba ta hayayyafa ta ƙara yawa a cikin mutum, kowace ɗaya daga ruwa ta shigo. Ke nan allurar da ta tare ko da rabinsu ta rage ciwon, ta kuma rage ƙwan da ke komawa rafi. Likitocin dabbobi sun riga sun nuna abin mai yiwuwa ne, domin tun 2014 ake yi wa tumaki allurar Barbervax ta tsutsar ciki a Ostiraliya. Na mutane ma an kai wasu matakin gwaji: Sm14 ta cibiyar Fiocruz da ke Brazil an gwada ta a Senegal, Sm-TSP-2 a Yuganda, Sm-p80 a Burkina Faso da Madagaska.

Masu cewa a zuba kuɗin a rijiyoyin burtsatse da banɗakuna suna da hujja mai ƙarfi, ban kuma ƙi ta tasu ba. Amma burtsatse ba ya fitar da manomin shinkafa ko masunci daga ruwa, can abincinsu yake. Bayan kammala madatsar Diama a kan kogin Senegal a 1986, cutar ta ɓarke a garin Richard Toll, kuma ƙasashenmu ba za su daina gina madatsu ba. Abin da ya fi jan ƙafar aikin neman allurar shi ne kuɗi: masu fama da tsargiya talakawa ne, kamfanonin magani ba su hango kasuwa ba, sai aka bar jami'o'i da cibiyoyin gwamnati da ɗawainiyar gwaje-gwaje masu cin shekaru.