Nicodemus, Garin da Jirgin Ƙasa Ya Tsallake

A arewa maso yammacin jihar Kansas ta Amurka akwai wata gunduma da ake kira Graham. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ciyawa iya ganinka, itace kuwa sai a bakin rafi. Sunanta na wani soja ne, Kyaftin John L. Graham, wanda aka kashe a fagen daga na Chickamauga a 1863, lokacin yaƙin basasa. Garuruwan cikinta ba su taka kara sun karya ba, amma a sunayensu za ka gane wanda ke da ƙarfi a lokacin da aka kafa su.

Wani farar fata dillalin filaye, W.R. Hill, ya yanki fili ya kafa gari, ya kuma raɗa masa sunan kansa, Hill City, ba tare da jin nauyin kowa ba. To amma dillali ba ya cin riba sai da masu saye, yankin kuwa babu mutane. Sai ya haɗa kai da wani limamin coci baƙar fata, W.H. Smith, da wasu baƙaƙen fata kaɗan, suka kafa kamfanin gina gari a watan Afrilun 1877, a bakin kogin Solomon. Suka buga takardun talla suka kai Kentucky, inda 'yantattun bayi ke noma gonakin wasu, shekara 12 bayan soke bauta, ba su da ko taki ɗaya na kansu. Wata dokar ƙasa ta 1862 ta ce duk wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara biyar, eka 160 ta zama tasa. Wa zai ji wannan ya zauna?

Sunan da suka zaɓa wa garin shi ne Nicodemus. Wasu na cewa Nikodimu ne na Linjila, wanda ya je wurin Annabi Isa da dare. Mafi yawa kuwa suna danganta shi da wata waƙa ta 1864 da Henry Clay Work ya tsara, a kan wani bawa haifaffen Afirka da ya mutu yana jiran ranar 'yanci. A ganina na biyun ya fi kama hankali, domin mutanen da suka fito daga bauta sun san wanda suke son tunawa.

Ayari na farko mai yawa, mutum wajen 300, ya taso daga Lexington a watan Satumban 1877. Jirgin ƙasa ya sauke su a Ellis, sauran tafiyar fiye da kilomita 50 kuwa a ƙafa da keken doki aka yi ta. Da suka iso babu gida ko ɗaya a tsaye. Waɗanda suka riga su sun haƙa ramuka ne a jikin tudu, suka rufe da ciyawa da ƙasa, suka bar ƙofa da kafar hayaƙi. Da babu itacen girki, busasshen kashin dabbobi ake hurawa. Wasu iyalai ko kayansu ba su kwance ba suka juya. Willianna Hickman, matar wani limamin coci da ta zo da ayarin 1878, ta ba da labari bayan ta tsufa cewa tana kwance ba lafiya a cikin keken doki ta ji maza suna sowa an iso. Ta ɗaga kai ta duba ko'ina ba ta ga gari ba, sai mijinta ya nuna mata hayaƙi yana fitowa daga ƙasa nan da can, ya ce garin ke nan. Sai ta fashe da kuka.

Ayarin farko ya zo bayan lokacin shuka ya wuce, ga sanyin Kansas mai ƙanƙara. Abin da ya taimaka wajen tsirar da su har da naman da mafarautan ƙabilar Osage suka raba musu a kan hanyarsu ta dawowa daga farauta. Waɗanda suka jure sun ga amfani. Kafin shekara goma garin ya yi coci-coci, makaranta, otal, banki, kantuna da jaridu biyu. Ɗaya daga cikin mazaunansa, Edward P. McCabe, an zaɓe shi mai binciken kuɗin jihar Kansas baki ɗaya a 1882.

Shi Hill bai yi asara ba. A da garin Millbrook ne hedikwatar gunduma, guguwa ta rugurguza shi a 1887, a 1888 kujerar ta koma Hill City.

Abin da ya rage wa Nicodemus shi ne layin dogo, domin a wancan zamani garin da jirgi ba ya tsayawa a cikinsa hatsinsa ba ya isa kasuwa. Mutanen garin suka kaɗa ƙuri'a suka amince da ɗaukar bashin dala 16,000 don jawo kamfanin Missouri Pacific. Bai zo ba. Kamfanin Union Pacific kuwa ya shimfiɗa layinsa a ƙetaren kogi, kilomita kusan goma daga garin, inda sansanin ma'aikatansa ya zama gari a 1888. Aka sa masa suna Bogue, sunan injiniyan jirgin ƙasa Virgil Bogue. 'Yan kasuwar Nicodemus suka bi jirgi, wasu ma har gine-ginen kantunansu suka ɗauka suka ƙetare da su. Bogue ba ta sha wahalar rami ko yunwar sanyi ba, amma ita ta ci kasuwar.

Duk da haka Nicodemus bai mutu ba. Fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 sun ƙara korar mutane, yau mazaunansa ba su kai 30 ba. A 1996 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, da gine-gine biyar da ake kiyayewa: coci biyu, makaranta, otal ɗin St. Francis da zauren taron da aka gina a 1939. Kowace shekara a ƙarshen watan Yuli jikokin waɗanda suka kwana a ramukan nan suna zuwa daga jihohi daban-daban don bikin 'yanci, bikin da aka fara tun 1878. A cikin garuruwan da baƙaƙen fata suka kafa a yammacin kogin Mississippi bayan yaƙin basasa, shi ne mafi daɗewa da har yanzu ke da mutane a ciki.