Ƙungiyar Likitocin Dabbobi: Mene ne Aikinta, Kuma Ina Ruwanmu da Ita?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa dabba ba ta san iyaka ba. San da aka ɗauko daga ƙasar Damagaram yau, jibi yana iya kasancewa a mayankar Kano ko ta Legas. Haka abin yake tsakanin Ƙonni da Illela, da tsakanin Maraɗi da Jibiya. Idan dabbar tana ɗauke da cuta, tare za su ƙetare, har ta isa tukunyar iyali. Shi ya sa ya kamata ɗan kasuwa da uwargida su san waɗanda aka ɗora wa tsare lafiyar dabbobi, da yadda za su bambanta su da 'yan gada-gada.

Ƙungiya daban, majalisa daban

A Najeriya akwai hukumomi biyu da mutane kan gauraya. Ta farko ita ce Majalisar Likitocin Dabbobi ta Ƙasa, wato VCN, wadda doka ta kafa. Ita ke riƙe da rajistar likitoci, ita ke duba ingancin karatu a jami'o'i kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da ta Maiduguri, da ta Ibadan. Tana kuma da ikon hukunta likitan da ya ci amanar aiki, har ta soke sunansa. Wanda sunansa ba ya cikin rajistar nan ba shi da ikon kiran kansa likitan dabbobi, komai girman jakar allurarsa.

Ta biyu ita ce Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, wato NVMA. Wannan ta likitocin ce da kansu, masu aikin gwamnati da masu zaman kansu da malaman jami'a, tana kuma da rassa a jihohi. Takan yi babban taro kowace shekara, tana buga mujallar bincike, tana shirya wa 'ya'yanta bita domin kada iliminsu ya tsufa. Ita ce bakinsu a gaban gwamnati idan ana maganar ɗaukar ma'aikata, ko gyaran mayanka, ko kuɗin allurar rigakafi. Nijar ma tana da nata tsarin na ƙasa da ke yi wa likitocin dabbobi rajista.

Abin da haɗin kai ya taɓa yi

Dattawan makiyaya ba su manta da bushiya ba, cutar da kan share garke cikin 'yan kwanaki. A shekarar 1962 aka fara gangamin haɗin gwiwa na yi wa shanu allura a Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Da aka yi sakaci daga baya, sai cutar ta dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1980. Aka sake ɗaura ɗamara, kuma a 2011 aka bayyana cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. Darasin a fili yake: ƙasa ɗaya ba ta gama da cutar dabbobi ita kaɗai. Yanzu an sa gaba a kawar da annobar awaki da tumaki, wadda ake kira PPR, nan da 2030. Cibiyar binciken da ke Vom a jihar Filato da ɗakin gwaji na LABOCEL da ke Yamai duk suna haɗa alluran rigakafin dabbobi.

Cutar da ke tsallakawa zuwa mutum

Fiye da rabin cututtuka masu yaɗuwa da ke kama ɗan Adam daga dabbobi suke fitowa. A watan Fabrairu na 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya. A 2023 ciwon saifa ya bayyana a arewacin Ghana, a watan Yuli kuma aka tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja.

Ciwon saifa yana da alamu: dabba ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi da ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko baki ko dubura, gawar kuma ta kumbura da wuri. Mun san yadda zuciya take idan sa ya faɗi, mai shi yakan yi sauri ya sa wuƙa kada ya zama mushe, a yi asara. Amma a nan yankan shi ne babbar asara. Da zarar an buɗe cikin, ƙwayar cutar takan kama mai fiɗa da mai ɗaukar fata da mai cin naman, ta kuma zauna cikin ƙasa shekaru masu yawa tana jiran wani garken. Kada a taɓa gawar, a kira ma'aikacin dabbobi.

Bakkale, mai sa shanu ɓari, da tarin fuka na shanu suna shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba. Haukan kare kuwa, idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. A kowace 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan cuta ta duniya, likitocin dabbobi kan fita wayar da kai da yi wa karnuka allura, domin idan an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, cutar takan daina yaɗuwa.

Araha ba ta ado

Abin da ƙungiyar ta fi kokawa a kai shi ne masu yawo da magani a kasuwa ba su da ilimin aikin. Maganin da ya sha rana a kan tabarma, ko na jabu, ko wanda aka ba da rabin ƙima, ba ya kashe cuta, sai dai ya koya mata jure magani. Haka kuma kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar ko a sha nononta. Wanda ya yi wa sa allura yau ya kai shi mayanka gobe, ya sayar wa jama'a nama da ragowar magani a ciki, har da 'ya'yansa.

Abin da ya rage gare mu

Dillali da falke su nemi takardar shaidar lafiya da ta rigakafi kafin su ɗora dabba a mota. Mai ƙetare iyaka da garke ya riƙe takardar kiwo ta ECOWAS, wadda shugabannin yankin suka amince da ita a 1998, ya kuma tambayi ofishin kiwo abin da ake nema a wancan gefen kafin ya tashi. Mahauci ya bari ma'aikaci ya duba dabba kafin yanka da bayan yanka, Sarkin Fawa kuma ya tsaya a kan haka. Uwargida ta tafasa madara, ta dafa nama ya nuna sosai, ta guji naman da arhar sa ta yi yawa. Dabbar da aka sayo a ware ta daga garke na 'yan makonni a ga halinta.

Idan kuma wani ya zo da sirinji yana cewa shi likita ne, ba rashin kunya ba ne a tambaye shi shaidar rajistarsa, ko a tabbatar a ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Likitan gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kare mu da dukiyarmu, Ya sa albarka a kasuwa.