Ganin Likitan Ido da na Fata Daga Nesa: Wa Zai Biya?

Manomin shinkafa a fadamar Zauro ko masunci a Argungu, idan idonsa ya fara hazo ko wani tabo ya ƙi barin fatarsa, kuɗin magani ba shi kaɗai ke hana shi zuwa asibiti ba. Akwai kuɗin mota, da na ɗan rakiya, da yinin da zai bar gona. Idan damina ta yi nisa gulbin Rima ya cika, mutanen ƙauyukan ƙetare sai sun haɗa da kuɗin kwalekwale. Ƙwararrun likitocin ido da na fata kuwa ba su da yawa, kuma a manyan asibitoci ake samun su, irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Shi ya sa mutane da yawa ke haƙura har ciwo ya ci ƙarfinsu.

Wannan jinkiri yana da tsada. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin ɗari na makantar abu ne da za a iya karewa ko warkarwa. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43, sai hawan jinin ido da kusan kashi 17. Binciken ya kuma nuna cewa fiye da kashi 40 na idanun da aka yi wa aikin yana, masu aikin gargajiya ne suka tura yanar cikin ido da tsinke, aikin da sau da yawa ke ƙarasa ganin da ya rage.

Ido da fata suna da wata fa'ida da ciwon ciki ko na ƙirji ba su da ita: yawancin abin da likita ke nema a gare su ana iya ɗaukar hotonsa. Ma'aikaciyar lafiya a asibitin sha-ka-tafi za ta fito da majiyyaci hasken rana, domin baƙar fata ba ta fita sosai a ɗaki mai duhu. Ta ɗauki hoto daga nesa don a ga inda tabon yake a jiki, ta matso ta ɗauki wani, ta rubuta shekarun mai ciwon, da tsawon lokacin da ya yi da shi, ko yana ƙaiƙayi, da irin man da ya riga ya shafa. Ta tura ta intanet, likita ya duba ya ce makero ne, ko ƙazuwa, ko kyasbi, ko kuma a turo masa mutumin. A ɓangaren ido akwai kyamara da ke ɗaukar hoton can cikin ido, inda ciwon suga ke fara ɓarna tun mai shi bai sani ba.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A Mali, tun 2015 aka fara wani shiri da ke haɗa ma'aikatan lafiya na karkara da likitocin fata na Bamako ta hanyar hoto. A Ingila, tun 2003 aka ɗauko shirin ɗaukar hoton idon masu ciwon suga a kai a kai. A lardin Ontariyo na Kanada kuwa, inshorar lafiya ta gwamnati tana biyan likitan fata da na ido ladan duba hotunan da wani likita ya turo masa. Nan ne darasin yake. Na'ura ba ita ce ke riƙe irin wannan aiki ba. Biyan mai ɗaukar hoto da mai karanta shi ne ke riƙe shi. Ma'aikacin lafiya da ke tura hoto ta WhatsApp ga wani likita da ya sani yana cin arziƙin alfarma ne, alfarma kuwa ba a gina asibiti a kanta.

Hanyar biyan tana nan a ƙasarmu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma kusan rabinsa na bi ta hannun hukumomin inshora ne don masu ƙaramin ƙarfi. A watan Mayun 2022 aka sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a madadin tsohuwar NHIS, ta kuma wajabta inshorar lafiya ga kowa. A Jihar Kebbi, hukumar KECHEMA ce ke gudanar da tsarin taimakekeniyar lafiya. A irin wannan tsari, ana ba ƙaramin asibiti wani kaso a kan kowane mutum da ya yi rajista a nan, ko ya zo ko bai zo ba. Idan ciwo ya fi ƙarfinsa, sai ya rubuta takardar turawa, a ba da lambar izini, a biya babban asibiti gwargwadon aikin da ya yi. Abin da ya dace jama'a da wakilansu su nema shi ne a rubuta duba majiyyaci ta hoto ɓaro-ɓaro cikin jerin ayyukan da ake biya, da farashinsa, da wa'adin da likita zai ba da amsa. Ita ma hukuma riba ce gare ta, domin ciwon da aka tare da wuri ya fi sauƙin kuɗin magani.

Sai dai hoto yana da iyaka. Kuturta na farawa da tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi, kuma hoto ba zai nuna haka ba. Sai an sa mutum ya rufe ido an shafa masa auduga a wurin. Maganinta kyauta ne, na wata 6 ko 12. Hawan jinin ido na bukatar awo da na'ura. Yanar ido kuma sai tiyata, kodayake hoto zai sa a san wanda ya kamata ya kama hanya. Wanda ganyen shinkafa ko ƙaiƙayi ya soke wa ido lokacin girbi ko sussuka, ko wanda ganinsa ya ɗauke farat ɗaya, kada ya tsaya jiran amsar waya, ya nufi asibiti a ranar. Akwai kuma batun sirri. Hoton jikin mutum amana ne: a nemi yardarsa, a bar fuska idan ba a bukatarta, mace ta ɗauki mace. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi irin waɗannan hotuna.

Mai karatu yana da nasa aikin. Ka yi rajistar inshora a asibitin da ke kusa da kai, ka tambayi abin da katinka ya ƙunsa game da ido da fata. Idan kana da ciwon suga, a duba maka ido ko sau ɗaya a shekara ko da kana gani garau. Ka guji ɗiga wa ido nono ko ruwan suga, da shafa man haɗi na kasuwa, domin man yana ɓad da kamannin ciwo har likita ya kasa gane shi. Idan kuma kwamitin lafiya na mazaɓarku ya zauna, ku tambaya ƙarara: in an ɗauki hoton ciwonmu a nan, wane likita ne zai duba, kwana nawa za mu jira, kuma wa zai biya shi?