Aikin Ƙarfi Da Hutu, Da Abin Da Suke Yi Wa Jini

Yau maganarmu a kan aikin ƙarfi ce da hutu.

A bisa kowace ƙoda ta mutum akwai wata 'yar tsoka, nauyinta kamar giram 5. Aikinta zuba waɗansu sinadarai cikin jini in jiki ya shiga wahala ko tsoro. Likitoci suna kiran ɗaya adirenalin, ɗaya kuma kotisol. Adirenalin shi ke sa zuciya ta yi ta bugawa in mutum ya yi kiciɓis da maciji. Nan take yake zuwa, cikin 'yan mintoci kuma ya wuce. Kotisol ya fi shi nawa. Sai bayan minti 20 ko 30 yake cika, kuma yakan yi sa'o'i kafin ya sauka. Shi ke sa hanta ta ƙara sukari a jini don gaɓoɓi su sami abin aiki.

To, ba kowane aiki ke ta da kotisol ba. Tafiya a hankali zuwa kasuwa ba ta ƙara shi. An auna an gani, sai aiki ya kai kamar kashi 60 cikin 100 na iyakar ƙarfin mutum sa'an nan yake hawa. Ga yadda za ku gane: in kuna aiki kuna hira, aikin matsakaici ne. In kuwa ba ku iya faɗin kalma uku sai kun ja numfashi, ya yi tsanani. Huɗa, da daka, da kokawa duk sukan kai nan. Zafin rana da ƙishirwa kuma suna ƙara hawansa.

Wannan hawa ba cuta ba ne, taimako ne. Cutar ita ce ya hau a hana shi sauka. A jikin mai lafiya kotisol yakan yi yawa da sassafe, ya yi ta raguwa har tsakar dare. Wanda ya wuni a gona, kana ya raba dare bai runtsa ba, nasa ba ya sauka yadda ya kamata. In kotisol ya daɗe da yawa a jini, yakan ƙara hawan jini da sukari, miki ya yi jinkirin warkewa, jiki ya kasa tare cuta.

Saboda haka ku kiyaye waɗannan:

1. Ku yi aiki mai nauyi da sanyin safiya. In rana ta take, ku shiga inuwa.
2. Ku riƙa shan ruwa mai tsabta tun ƙishirwa ba ta kama ku ba.
3. Baligi ya sami barcin sa'a 7 ko fiye.
4. Bayan ranar wahala, a yi aiki mai sauƙi kashegari in da hali.

Masu zaman rumfa, kada ku ce an ba ku izinin lalaci. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki matsakaici minti 150 zuwa 300 a mako.

In gajiya ta ƙi tafiya bayan hutu, ko barci ya gagara, ko zuciya tana bugawa da sauri kuna zaune, ku zo ɗakin magani a gwada jininku. Lafiya uwar jiki. A huta lafiya.