Amalanken Yara a Ranar Fita Yawo: Gaskiya ko Jita-jita?

A gidajen zu da wuraren shaƙatawa na Amurka da Jamus akwai abin da ya zama ruwan dare a ranakun hutu: akwatin yadi mai taya huɗu da doguwar mariƙa, yara biyu zaune a ciki suna fuskantar juna, kular abinci da gorar ruwa a tsakaninsu, uba yana gaba yana ja. 'Yan uwanmu mazauna can sun karɓi wannan amalanke hannu bibbiyu, kuma mai waya a hannu a Kano ko Yamai zai iya yin odarsa ta intanet. Wasu iyaye sun rantse ba za su ƙara fita babu shi ba. Wasu kuwa gani suke ɓarnar kuɗi ce da koya wa yaro ƙiwa. A cikin maganganun ɓangarorin biyu akwai masu tushe, akwai kuma waɗanda yawan maimaitawa ne kawai ya sa aka ɗauke su gaskiya.

Masu cewa sabon yayi ne na 'yan ƙarya sun makara da shekara ɗari. Wani kafinta ɗan Italiya, Antonio Pasin, ya fara ƙera amalanken yara na katako a birnin Shikago tun 1917. Daga baya ya koma na ƙarfe mai jan fenti, wanda aka sani da Radio Flyer, har ya kafa mutum-mutumin yaro bisa amalanke, mai tsawon kusan mita 14, a babban baje kolin duniya na Shikago a 1933. A Jamus kuwa malaman gidan reno sun daɗe suna jera yara huɗu ko shida a amalanke guda su kai su filin wasa, kuma a ranar iyaye maza ta ƙasar magidanta kan cika nasu da giya su nausa daji, wannan dai tasu ce ta fisshe su. Abin da ya zo sabo shi ne nau'in da ake naɗewa a jefa a but ɗin mota, sai kuma wanda kamfanoni irin su Keenz da Veer da Wonderfold suka haɗa shi da keken jarirai, suka sa masa bel da birki da rumfa.

Daga nan ne babbar jita-jitar ta samo asali, wato cewa ai duk ɗaya ne, akwati ne da tayoyi, mai arha ma ya wadatar. Ba ɗaya ba ne, ko da yake a hoto ba ka iya bambance su. Mafi yawan masu arhar an yi su ne domin ɗaukar kaya: cefane, itace, kujerun zuwa bakin teku. Da yawansu ɗauke suke da gargaɗin cewa ba na ɗaukar yara ba ne, a takardar da aka fi saurin yagewa a yar. Nau'in da aka haɗa da keken jarirai kuwa ana gwada shi da ma'aunin keken jarirai. A Amurka sunan ma'aunin ASTM F833, kuma tun 2015 hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar ta mayar da shi tilas ga keken jarirai. A Turai sunansa EN 1888. Abin da ake dubawa ya haɗa da ko birki zai riƙe a gangare, ko abin zai kife idan an karkata shi, ko bel zai tsare yaro, ko makullin naɗewa zai iya kuɓucewa ya matse yatsa, ko akwai kafar da kan yaro zai shiga ya maƙale. Amalanken kaya bai bi ta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Rubutun da ke jikinsa cewa yana ɗaukar nauyi kaza magana ce ta ƙarfin ƙarfe da yadi. Buhu ba ya miƙewa tsaye don ya hango giwa, ɗan shekara biyu kuwa zai miƙe.

Faɗuwa ita ce ainihin matsalar. Masu bincike a asibitin yara na Nationwide da ke jihar Ohayo sun wallafa a 2016 cewa daga 1990 zuwa 2010 an kai yara kusan 361,000, 'yan shekara biyar zuwa ƙasa, sashen gaggawa a Amurka saboda rauni daga keken jarirai ko abin ɗaukar jariri, kimanin yara biyu ke nan a kowace awa. A ɓangaren keke, kashi biyu cikin uku faɗowa suka yi, wajen kashi 16 cikin ɗari kuma keken ne ya kife da su, kuma kai da fuska ne suka fi shan wahala. Wannan lissafin keke ne, wanda ma yana da kujera mai riƙe jiki. Amalanke buɗaɗɗe ne, ƙasansa a shimfiɗe yake, kamar yana gayyatar yaro ya tashi ya leƙa. Tsohon samfurin da gatarin gabansa ke juyawa gaba ɗaya yana da wani aibu na daban: idan aka karya kwana da ƙarfi, tayoyin gaba su shige ƙarƙashi, ɓangare ɗaya ya rasa madogara, sai kifewa. Saboda haka ni a wurina tambayar farko ga mai sayarwa, tun ba a gwanjo ba inda kwali da takarda sun daɗe da ɓata, ita ce ina bel, ina birki, ina tambarin ma'aunin. In ya ce ai ba sai da su ba, to ka samu abin ɗaukar kula da tabarma.

Ana kuma yaba shi da cewa gado ne mai tafiya: a shimfiɗa bargo, jariri ya sha barcinsa. Wannan jita-jita ce mai haɗari. Masu ƙera nau'in yara galibi suna cewa sai yaro ya kai wata shida kuma yana iya zama da kansa, Radio Flyer ma shekara ɗaya da rabi take rubutawa a samfuranta da dama. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba. In ya yi barci a jingine haɓarsa na iya sauka kan ƙirji ta ƙuntata hanyar numfashi. Kwantar da shi bisa tulin bargo kuma wata ƙofar ce ta shaƙewa, ga girgizar hanya tana mirgina shi zuwa jikin yadi, ga yayansa ɗan shekara uku a akwati ɗaya yana juyi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarinta na 2022, ta ce jariri ya yi barci a rigingine kan shimfiɗa mai tauri, miƙaƙƙiya, babu tarkace, kuma in barci ya kwashe shi a keke ko kujerar mota a mayar da shi irin wannan shimfiɗa da zarar an samu hali. Ɗan shekara uku da ya gaji ya ɓingire a hanyar komawa mota, wannan wani zance ne daban, kuma shi ne ma daɗin abin.

Maganar rana ta fi shafar mu. Gaskiya ne rumfar amalanke tana ba da inuwa, kuma da yake gefenta a buɗe yake iska na ratsawa. Ɓarnar tana zuwa ne daga ƙarin kulawa, lokacin da uwa ta ga rana ta karkato ta yafa mayafi ko tawul ta rufe ko'ina. A 2014 jaridar Svenska Dagbladet ta ƙasar Suwidin ta gwada wannan da keken jarirai da babu kowa a ciki. Da aka bar shi a rana a buɗe, zafin cikinsa ya tsaya a digiri 22. Da aka rufe shi da siririn ƙyalle, cikin rabin awa ya kai 34, bayan awa ɗaya ya kai 37. A Suwidin ke nan, ƙasar sanyi. Sai a auna da Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, inda ma'auni ke haura 40 tun ba a rufe komai ba. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, kuma ƙyallen da ya tare rana ya tare idon uwa, ba za ta ga ya yi laushi ba. Mu mutane ne masu lulluɓe jariri ko ana zufa, don tsoron sanyi da ƙura da bakin mutane, shi ya sa na daɗe a kan wannan.

To batun ƙiwa fa? Rabinsa gaskiya ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ta ce ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, kuma kada a tsare yaro wuri ɗaya fiye da awa ɗaya a jere. Misalan tsarewar da ta kawo sun haɗa da keken jarirai, da kujerar cin abinci, da kuma goyo a baya. Kakannin da ke yi wa amalanke dariya suna cewa mu da zani muka yi renonmu, ga su nan a cikin lissafin. Abin da hukumar ke dubawa tsawon zaman ne. Iyalin da suka ja yara daga wurin ajiye mota zuwa inda za a yada zango, suka sauke su suka yi ta guje-guje har la'asar, ba su tauye kowa ba. Ƙila ma da babu amalanken da ba a yi nisan ba. Wanda ya ɗaure ɗan shekara huɗu tun hantsi, ya miƙa masa waya don kada ya dame shi, shi ne ya ba masu suka hujja. Akwai kuma yaran da tafiya mai nisa ke gagara saboda larura, ko waɗanda kan fizge su ruga cikin taro. Ga iyayensu amalanke mai bel ne ke sa fita ta yiwu, kuma bai kamata a bi su da kallon raini ba.

Sai masu cewa ya fi keke sauƙin sarrafawa. Ya danganta da ƙasar da za a taka. Samfuri mara nauyi kan kai kilo 15, masu kujera huɗu sun haura kilo 20. Ƙara yara biyu masu kilo 15 kowanne, da ruwa da abinci, ka wuce buhun siminti, kuma da hannu ɗaya kake ja, kafaɗa a murɗe. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya tana shawartar masu aikin kaya su fifita turawa a kan ja, muddin suna ganin gabansu kuma suna iya tsayar da abin. A gangare amalanken da ake ja yakan biyo mai shi ya doki agara, a rairayi kuma siririyar taya nutsewa take, sai mai faɗi. Abin da ya fi damuna shi ne mai ja ya ba yara baya: ba ya ganin wanda ya miƙe, ko wanda ya sako hannu kusa da taya. Shi ya sa nau'in da ke da mariƙar turawa ya fi kwanta mini. A bakin titi kuwa ban yarda da shi ba sam. Gajere ne, direban da ke ja da baya ba lalle ya gan shi ba, kuma hancin yaran yana daidai da salansar mota. Masana a jami'ar Surrey ta Ingila sun bayyana a 2018 cewa jariri a keke na iya shaƙar gurɓatacciyar iska fiye da wanda ke tura shi da abin da ya kai kashi 60 cikin ɗari, saboda kusancinsa da inda hayaƙi ke fita.

Kuma ba ko'ina ake shiga da shi ba, duk da abin da masu talla ke nunawa. Wasu gidajen zu a Jamus da Amurka haya ma suke ba da shi a bakin ƙofa, domin hanyoyinsu na da faɗi. Amma wuraren wasa na Disney a Kalifoniya da Fulorida sun hana amalanke, kuma daga 1 ga Mayu 2019 hanin ya haɗa har da nau'in da aka gauraya da keken jarirai. Keken da suka yarda da shi ma kada ya wuce faɗin santimita 79 da tsawon 132. Dalilinsu cunkoso ne: dogon abu a ƙasa, a bayan mai ja, shi mutane ke tuntuɓe da shi. Wannan dalili yana aiki a nan gida ba tare da an kafa doka ba. A filin Millennium na Abuja, mai ciyawa da shimfiɗaɗɗun hanyoyi, amalanke zai yi aikinsa, in akwai motar da za ta kawo shi, don ba ya shiga adaidaita sahu tare da iyali cikin daɗi. A ranar Hawan Daushe a Kano kuwa, ga dawakai, ga ƙarar bindiga, ga jama'a na turereniya, yaron da ke zaune daidai gwiwar mutane ba zai ga sarki ba, kuma in taro ya ɓarke da gudu ba a iya ɗaga amalanke sama. A irin wannan rana ƙaramin a goya shi, babban kuma ya hau wuyan babansa.