Gyambon Kwanciya: Abin Da Duk Mai Jinya Ya Kamata Ya Sani

A Amurka, dokar da aka kafa a 1987 ta wajabta wa mataimakin nas a gidan kula da tsofaffi ya samu horon aƙalla awa 75, ya kuma ci jarrabawa. A wajenmu kuwa, idan tsufa ya kwantar da mutum ko shanyewar ɓarin jiki ta same shi, jinyar kan faɗa hannun matarsa, ko 'yarsa, ko surukarsa, ko wani da aka ɗauka ana biya, ba tare da an koya masa komai ba. Tausayi kam akwai shi, amma tausayi kaɗai ba ya hana gyambon kwanciya.

Mai lafiya yakan juya ko cikin barci. Wanda ba ya iya motsi kuwa, nauyinsa ke matse fata tsakanin ƙashi da katifa, jini ya kasa kaiwa wurin, nama ya fara mutuwa. Ɓarnar kan fara cikin 'yan awoyi, warkewa kuma ta ɗauki watanni. Wuraren da suka fi kamuwa su ne ƙasan gadon baya, kwatangwalo, diddige, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa da ƙeya.

Akan ce alamar farko ita ce fata ta yi ja, to amma a baƙar fata da wuya a ga jan. Sai a riƙa dubawa kullum a wuri mai haske, ana taɓawa da hannu. Wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ko ya yi tauri, ko zafinsa ya bambanta da na sauran jiki, ya fara ke nan. Kada a sake kwantar da majinyacin a kan wurin sai ya koma daidai.

Babban riga-kafi shi ne juyi duk bayan awa 2, dare da rana: dama, rigingine, hagu. In an juya shi gefe, a ɗan karkata shi kawai, a tokare baya da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi. A sa matashi ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya tashi daga katifa. Kada a ja shi a kan shimfiɗa, domin ja na saɓule fata; mutum biyu su ɗaga shi da zane.

Ma'aunin Braden, wanda ma'aikatan jinya ke gane mai haɗarin kamuwa da shi, yana duba laima da abinci ma. Fitsari da bayan gida da gumi na jiƙa fata ta yi rauni. A wanke da ruwa mai ɗumi, a tsane a hankali, kada a goge da ƙarfi. In an shimfiɗa leda, a ɗora zanen auduga a kai, a miƙar da shi sosai. Koko zalla ba ya gina jiki, a haɗa da wake, ƙwai, kifi ko nono, da isasshen ruwa. A zaunar da shi kafin a ba shi, ya kuma zauna minti 30 bayan ci, don ƙwarewa na iya kai abinci huhu ya jawo nimoniya.

A guji tausa wurin da ya canza launi, ko gasa shi da ruwan zafi, ko barbaɗa toka, ko fasa kafso a zuba. Da zarar fata ta fashe, a nemi ma'aikacin lafiya. In an ji wari, ko an ga mugunya ko baƙin nama, ko zazzaɓi ya taso, a garzaya asibiti, musamman da mai ciwon sukari, domin ƙwayoyin cuta na iya shiga ƙashi da jini.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A rubuta lokutan juyi a manna a bango, a raba dare tsakanin 'yan gida. Mu kuma masu zuwa dubiya, bayan “sannu, ya jiki?”, mu wanke hannu mu kama a juya shi, mai jinya ta samu ta runtsa.