Uwa Ita Kaɗai Da 'Ya'ya: Yadda Littattafan Hikaya Suke Nuna Ta

Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji a makarantun zangonninmu ya san cewa idan aka kira taron iyayen yara, akwai waɗanda kullum uwa ce kaɗai take zuwa saboda su, sau da yawa ma da ƙanshin hayaƙin murhu a jikinta, domin ta baro tukunyar koko ko ta wake da shinkafa a hannun babbar 'yarta. Wata mijinta ya rasu, wata an sake ta, wata kuwa maigidan ya tafi neman kuɗi shekara da shekaru babu aike. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu duba yadda marubuta hikaya suke ɗaukar irin wannan mace idan sun mai da ita tauraruwar labari, tunda 'ya'yan nata suna cikin masu karanta littattafan.

Da farko dai, Hausa ba ta da kalma guda ta wannan matsayi. Muna da bazawara, muna da mai takaba, muna da uwar marayu, amma dukkansu suna auna mace ne da mijin da babu, ba da aikin da take yi ba. A tatsuniyoyinmu kuwa, da zarar uwa ta mutu sai uba ya yi sabon aure, labari ya koma kan marainiya da kishiyar uwa. Da wuya ka ji tatsuniyar uban da ya zauna ya yi renon 'ya'yansa da kansa. Namiji marar mata sunansa gwauro, kuma abin da ya samu daga al'ada shi ne tashen da ake yi masa a Kano cikin watan azumi.

Littafin da ya fi kama wannan al'amari da hannu biyu a Hausa shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, wanda ya fito a Kano a 1990. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, ya auro Delu, sa'an nan ya kori uwargidansa Rabi tare da 'ya'yanta 9. Abin da ya sa littafin ya shiga ranmu shi ne marubuciyar ba ta tsaya kan hawayen Rabi ba. Ta kai mu wajen da ake lissafin kuɗin cefane da na makaranta, ta nuna Rabi ta ɗaura ɗamara ta shiga sayar da abinci, har gidan ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ya taɓa ganin uwa tana ƙirga canji da dare don ta ga ko zai kai kuɗin jarrabawa, zai gane cewa ba daga nesa aka hango wannan labari ba.

Sai dai ƙarshen littafin ya daɗe yana jawo gardama. Saudatu 'yar Rabi ta auri mai arziki, shagon Alhaji Abdu ya ƙone a gobarar kasuwa, ya tsiyace, sai kuma mazan dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta. Wasu masu karatu suna cewa marubuciyar ta ja da baya, ta mai da mace inda aka wulaƙanta ta. Mu a namu ganin gaskiya ta faɗa, ko da ba daɗi: sau nawa muka ga an yi haka a unguwanninmu, a ce wa mace ta yi haƙuri don 'ya'ya, alhali lokacin da take ciyar da 'ya'yan ita kaɗai babu wanda ya kira taro? Inda muke da ɗan ƙorafi shi ne suruki mai kuɗi. Ba kowace mai sayar da tuwo ba ce Allah yake kawo wa attajiri ƙofar gida, kuma ƙananan marubuta da yawa sun mai da wannan hanya ta zama sandar dogarawa. An fassara littafin zuwa Turanci a 2012, aikin Aliyu Kamal, aka kuma buga shi a ƙasar Indiya.

A Senegal kuwa, Mariama Bâ ta bi wata hanya dabam a littafinta na Faransanci, Une si longue lettre, na 1979, wanda ya ci kyautar Noma a 1980. Ramatoulaye malamar makaranta ce mai 'ya'ya 12. Mijinta Modou ya auri ƙawar 'yarsu, ya ƙaurace wa gidan, daga baya ya rasu, ita kuma tana cikin takaba take rubuta wa aminiyarta doguwar wasiƙa. Tana da albashi, saboda haka ba yunwa ce babbar damuwarta ba. Damuwarta ita ce komai ya dawo kanta: biyan kuɗin wuta da na ruwa, gyaran abin da ya lalace, da yanke hukuncin da a dā mutum biyu suke yankewa. Ta kama 'yan matanta uku suna shan taba. Wata 'yar tata ta yi ciki tana makaranta, kuma a nan ne littafin ya fi ƙarfi, domin uwar ta rasa wanda za ta juya ta tambaya, ta auna fushi da kunya da tausayi ita kaɗai, a ƙarshe ta rungume yarinyar. Ta kuma ƙi auren Tamsir, yayan mijinta, wanda ya zo neman gadonta kamar kayan ɗaki.

A nan gida Gana, marigayiya Ama Ata Aidoo ta taɓo ɗaya gefen a littafinta Changes na 1991. Esi ma'aikaciya ce a Akara, ta rabu da mijinta Oko, amma 'yarsu ta koma hannun kakarta ta wajen uba. Watau dai ita uwa ce da aka raba da reno, kuma wannan ya fi kusa da abin da yake faruwa da zawarawa da yawa a cikinmu, inda dangin uba suke karɓe yaro da zarar an yaye shi. Abin mamaki shi ne mazhabar Malikiyya da muke bi ta bar wa uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, ciyarwa tana kan uba. Dokar yara ta Gana ta 1998 ita ma ta ɗora wa iyaye nauyin ciyarwa da karatu, kuma uwa tana iya kai ƙara kotun iyali. Amma a littattafan Hausa da muka karanta, da wuya ka ga bazawarar da ta je gaban alƙali neman haƙƙin 'ya'yanta. Kullum sai dai ta yi haƙuri ta jira sakayya.

Akwai kuma bakin da ba mu cika ji ba, watau na yaran kansu. Babbar 'ya da take zama uwa ta biyu tun tana shekara 12, tana goyo tana talla, tana shigowa aji bayan an gama darasin farko, a yawancin labaran nan wucewa kawai take yi da tire a ka. A rajistarmu kuwa sunanta yana nan, da jan alƙalami a gabansa kusan kowace ranar kasuwa.